Sun Rufe Sunanki, Sun Bar Sunan Ƙauyenmu

Zuwa ga ƙanwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta jini ɗaya, da tambayar lafiyarki da ta mutanen da suka ba ki masauki, ina sanar da ke cewa mu nan lafiya muke, sai godiyar Allah. Baba yana gaishe ki. Bai san ina rubuta wannan takarda ba, amma da ya sani abin da zai ce ke nan, shi ya sa na isar miki.

Kin kashe layinki, kin kuma ce kada a neme ki. Ban neme ki ba. Sai dai an ba ni saƙo in ba ki, akwai kuma maganar da ta daɗe a bakina. Na tuna ke ce kika fara nuna mini wannan shafi na mata, kika ce kullum sai kin leƙa shi, don haka na roƙi mai kula da shi ta saka wasiƙar ba tare da sunana ba. Ba zan rubuta sunanki ba, ko na ƙauyenmu, ko sana'ar da Baba yake yi bayan noma. Sauran masu karatu su yi haƙuri da guraben da za su gani. Ke kin san abin da ke cikinsu.

Auduga ta buɗe bana. Shekaranjiya na dawo daga Funtua ta hanyar Bakori, motar tana tafiya a hankali saboda buhunan masarar da aka lafta mata. Na jingina kai da gilashi ina kallon gonaki fari fat har inda ido ya tsaya, ban san lokacin da na lumshe ido ba. Sai na gan ki kina 'yar shekara tara, kin faɗa cikin tarin audugar da muka ɗiba tun safe, ƙafafunki kaɗai ake gani, Inna, Allah ya ji ƙanta, tana faɗa wai za ki ɓata mata kaya. Kika fito da farin kai kamar tsohuwa. Ranar ce kika ce idan kin girma kin zama ma'aikaciyar jinya, da audugar gonarmu za ki riƙa wanke wa mutane ciwo. Muka yi ta dariya. Ke ba ki yi ba.

Da wannan burin Hajiya ta kama ki. Kin san wadda nake nufi, mai kawo atamfa da turare gida-gida, wadda ta kwana uku a gidanmu lokacin rasuwar Inna tana kai wa masu ta'aziyya ruwa. Kin gama sakandare, shekara biyu kina neman gurbi a makarantar jinya ba ki samu ba. Ta ce akwai gidan kula da tsofaffi a ƙasar Larabawa, suna neman 'yan mata masu takarda, a can za a koya muku aikin. Baba ya tsaya yana shakka. Ni ce na ce masa ya bari ki tafi. Ina so ki san ban manta da wannan ba.

Abin da ya kamata ya ba mu tsoro shi ne ya kwantar mana da hankali. Fasfo ya fito cikin 'yan kwanaki, wani ma'aikaci ya kawo shi da kansa har gidan Hajiya. Ga kuma takardar shaida daga wani babban Alhaji, da hatimi da sa hannu. Baba ya juya ta gaba da baya, ya ce tunda manya sun sa hannu, Allah ya sa alheri ne.

Na raka ki tashar Funtua da hantsi. Kin sami kujerar taga. Da mota ta fara motsi kika leƙo kika ce, "Yaya, ki riƙa ba bishiyar lemona ruwa." Ina ba ta har yau. Ta wuce katanga tsawo.

Kusan shekara biyu muka yi muna jiran waya. Sau uku ko huɗu kika kira, muryarki kamar daga cikin rijiya, "Lafiya lau, Yaya," sai a katse. Rana ɗaya aka kira Baba aka ce ya zo ya ɗauke ki, an dawo da ku, ku da yawa, a motar gwamnati. Kin rame, amma ba ramar ce ta tayar mini da hankali ba. Ba kya zama sai bayanki yana jingine da bango, idonki a kan ƙofa.

Sau ɗaya kika faɗa mini, muna ɓarar gyaɗa a bayan ɗaki, ba ki ɗago kai ba. Babu wani gidan tsofaffi. An karɓe fasfonku tun a filin jirgi, aka kulle ku a wani gida, aka riƙa shigo muku da maza. Kin faɗe shi a taƙaice kamar mai ba da labarin wata, hannunki bai daina ɓarar ba. A ƙauye muka ce aiki ne ya yi miki nauyi kika kwanta ciwo. Mutane suka karɓa, ko suka nuna sun karɓa. A lokacin duk ɗaya ne a wurinmu.

Ba a daɗe ba gwamnati ta kafa kwamitin bincike, aka riƙa kiran ku ɗaya bayan ɗaya zuwa wani ofishi a cikin gari. Lauyar kwamitin, wata mace mai tabarau da sanyin murya, ta ce miki, "Duk abin da kika faɗa amana ne. Sunanki ba zai fita daga ɗakin nan ba." Ina zaune kusa da ke. Fanka tana juyawa a hankali, labule yana ɗagawa yana sauka, wata tsaka ta manne a bango kamar ita ma sauraro take. Kin yi magana daga hantsi har aka kira azahar. Kin faɗi sunan Hajiya, da na ma'aikacin da ya kawo fasfo, da na Alhaji mai hatimi. Kin nuna tabon da aka bar miki a jiki. Da muka fito kika ce kina jin yunwa, karo na farko tun dawowarki, muka tsaya a bakin titi muka ci waina da miyar taushe. Kin cinye taki kin ɗauki ɗaya daga tawa.

Daga nan kika fara dawowa cikin jikinki kaɗan-kaɗan. Ranar ruwan farko kin fito tsakar gida kin tsaya kina shaƙar ƙamshin ƙasa har zaninki ya jiƙe. Kin fara bin Baba gona. Kin sake cike takardar makarantar jinya. Malamin nan na firamare ya fara zuwa da la'asar yana sallama a ƙofar gida, ke kuma kina ɓata lokaci wajen zaɓen mayafi. Kika ce mini, "Bayan kaka zan faɗa masa komai da bakina. In ya zauna, ya zauna."

Shekara ta zagayo ba a ji ɗuriyar kwamiti ba. An ce sun miƙa rahoto, an saka shi a durowa an kulle. Ba a kama kowa ba. Sai ranar da na je suna a Malumfashi na ga Hajiya cikin sabon leshi, zaune kusa da wata mata, ta riƙe hannun 'yarta tana murmushi tana cewa, "Kin gama sakandare ko?" Na ajiye kwanon abincin da ke hannuna na fita ba tare da na yi wa mai jego sallama ba.

A lokacin mutane sun fara magana a rediyo da a waya cewa a fito da rahoton kowa ya gani. Na shiga cikinsu da duk ƙarfina. Na kira shirin rediyo har sau uku ina cewa ni wata uwa ce daga Funtua. Na bi ayarin mata zuwa ofishin, muka tsaya a rana. Na ce gwamnati ba ta da hurumin ɓoye abin da aka yi wa 'ya'yan talakawa, na ce wanda ya sa hannu a takarda ya fito ya yi bayani. Har yanzu ina ganin gaskiya na faɗa.

Kin gane muryata a rediyo. Da na shigo kika ce, "Yaya, ki bari." Na ce idan muka bari wasu za a tafi da su, kuma ai an yi alkawari sunanki ba zai fito ba. Kika dube ni kika ce, "Labarin waye a cikin takardar?" Na wuce madafi ina ganin tsoro ne kawai yake damunki, zai wuce.

Rahoton ya fito wata Talata, masara tana goyo. Ina tankaɗe a tsakar gida wayata ta yi ƙara, wata ta turo shi a guruf ɗin matan unguwa. Na yi hamdala, na goge hannu a zani na buɗe. Shafukan da suka shafi mazan nan baƙi ƙirin suke. An shafe suna, an shafe muƙami, an shafe gari, aka rubuta a ƙasa wai don kada a ɓata shari'a. Na ci gaba da ja har na iso kanki. An shafe sunanki, gaskiya ne, sun cika wannan alkawarin. Amma ga shekarunki, ga sunan ƙauyenmu, ga sana'ar Baba wadda shi kaɗai ke yin ta a ƙauyen, ga inda tabon yake a jikinki. A ƙarƙashi kuma duk abin da kika faɗa a ɗakin nan, ba a rage komai ba, har da inda ni kaina na so in toshe kunne lokacin da kike faɗa.

Kafin la'asar ana karanta shi da ƙarfi a gindin ɗorawar da ake jiran mota. Masu waya suna karanta wa marasa waya. Na tsaya a ƙofar ɗakinki ina neman ta inda zan fara, ashe wata ƙawarki ta riga ta turo miki, ta rubuta a ƙasa, "Wannan ba ke ba ce?"

Baba ya je magariba ya dawo, ya zauna a kan buzunsa har tuwo ya huce a gabansa. Washegari ya ɗauko rigarsa ta Juma'a ya saka, alhali Laraba ce, ya fita wurin sana'arsa ya wuni yana gaisa da duk wanda ya wuce, ido cikin ido. Da ya dawo ya tsaya a bakin labulenki ya ce, "Ba ke kika yi abin kunya ba." Iyakar abin da ya iya faɗa ke nan, kuma ya faɗa.

Mata suka riƙa shigowa, wannan aron rariya, wannan neman wuta, idanunsu suna kan ɗakinki. Mutum ɗaya ce ta shigo ba ta leƙa komai ba, tsohuwar nan ta gidan Maguzawa da ke bayan rafi, wadda take ba mu gautan gonarta muna yara. Ta zo da ƙwaryar kunu, ta zauna a ƙasa kusa da ke, ta ce, "Ni ban iya karatu ba, ban kuma zo jin komai ba. Sha kunu." Kin sha.

Malam ya zo a rana ta huɗu. Ya yi sallama sau uku a ƙofar gida, kamar kullum. Na shigo na ce miki ga shi nan, kuma ban ga alamar ya zo da wata magana marar daɗi ba. Kika ce, "Ya riga ya karanta, Yaya. Me ya rage da zan faɗa masa?" Ya tsaya a gindin katanga har inuwa ta bar wurin, sannan ya tura babur ɗinsa ya tafi bai tayar ba. Sai a ranar na fara gane abin da aka ɗauke miki. Ni ina tunanin suna, ashe bakinki aka riga ki amfani da shi.

Bayan mako guda kika ce za ki asibiti a Funtua. Kin ɗauki 'yar jaka, kin gaida Baba a durƙushe kin daɗe ba ki tashi ba. Da yamma saƙo ya shigo wayata: "Ina lafiya. Kada a neme ni."

Na koma ofishin ni kaɗai. Sakataren kwamiti ya ce, "Malama, ai ku ne kuka ce a fitar. Kuma mun goge sunaye." Na buɗe masa shafin Alhaji, na buɗe masa naki, na ajiye wayar a kan teburinsa. Na ce me ya sa aka goge garinsa aka bar namu? Ya daɗe yana kallo. Da ya yi magana muryarsa ta sauka. Ya ce lauyoyin mazan nan sun zo sun zauna da su, layi bayan layi, kafin a fitar. Ya ce ku kuwa ba wanda ya zo muku. Na ce ba wanda ya gaya mana ana zuwa. Kwana biyu bayan nan suka janye rahoton suka saka wani da aka gyara. Na farkon yana nan a wayar kowa.

Tun daga lokacin, idan na ɗan kishingiɗa bayan azahar, mafarki ɗaya nake yi. Muna tafiya a kan layin dogo, kina gaba ina baya, ciyawa ta fito tsakanin katakan, ba jirgi ba kowa. Dama da hagu gonakin dawa ne, iska tana kaɗa su ba tare da wani sauti ba. Kina sanye da fararen kaya irin na masu jinya. Ba gudu kike ba, ni ma ba gudu nake ba, amma tazarar ba ta raguwa. Nakan buɗe baki in kira ki, sai in tuna akwai masu ji, in yi shiru. Haka muke tafiya har a kira la'asar in farka. Abin mamaki, ba mafarkin tsoro ba ne. Nakan tashi da sanyi a ƙirji, don ko ba komai na gan ki kina tafiya da ƙafafunki.

Ya kamata ki san abin da ya biyo baya. An kama Hajiya. Ita ba ta da lauyan da zai zauna mata, an bar abin da ya isa a gane ta. Mata biyu sun je sun karɓo takardun 'ya'yansu daga gidanta, ɗaya ita ce wadda na gani a Malumfashi. Ta tare ni a kasuwar Bakori ta riƙe hannuna tana ta godiya, ba ta san ni yayar wace ce ba, ita dai ta ji an ce ina cikin masu zuwa ofis. Ma'aikacin fasfo an ce an sauya masa wurin aiki. Alhaji kuwa yana nan yana buɗe taro da addu'a.

Na rasa yadda zan auna waɗannan abubuwa. Yarinya tana gidan uwarta yau saboda rahoton ya fito. Ke kuma ba kya gidan ubanki saboda rahoton ya fito. Ba zan yi miki ƙarya in ce da na sani da na bar shi a durowa ba. Abin da nake neman gafararki a kai daban ne. Na tsaya a rana ina cewa a fitar, ban taɓa cewa a fara nuna wa masu labarin ba. Kin yi mini tambaya a tsakar gida na wuce madafi. Sau biyu ke nan ina yanke miki hukunci ina ganin alheri nake yi miki. Ki yafe mini, ƙanwata. In ba za ki iya yanzu ba, ba na gaggawa.

Malam yana tsayawa ya gaida Baba duk ranar kasuwa. Ba ya tambayar inda kike. Yakan ce, "A gaida mutanen gida, na kusa da na nesa."

Na gode da kiran da kika yi a watan jiya da baƙuwar lamba. Na ɗauka na ji shiru, amma na san numfashinki. Kika ce, "Yaya, Baba yana shan maganinsa?" Na ce yana sha. Kika ce to, kika kashe. A cikin wannan ɗan lokaci na ji wani sauti a bayanki, na kuma gane shi. Ba zan faɗi ko mene ne ba. Na san garin da kike. Ban gaya wa Baba ba, ban shiga mota ba, ko da yake sau biyu ina zuwa tasha in tsaya ina kallon motocin garin suna cika suna tashi.

Ga saƙon. Lauyar nan mai tabarau ta zo gida ranar Asabar. Ta cire takalmi ta zauna a tabarma, ta ba Baba haƙuri, ta ce ba ita ta tace rahoton ba amma ita ta yi alkawari, don haka nauyin yana kanta. Ta ce shari'ar Hajiya za ta fara, kuma idan aka sami wadda za ta maimaita a gaban alƙali abin da ta sani game da takarda mai hatimi, akwai yiwuwar a kira mai hatimin. Ta ce za a rufe kotu, ba 'yan kallo, ba 'yan jarida, za ki yi magana ta bayan labule. Ta tambaye ni ko za ki yarda. Na ce ba ni ce zan amsa ba. Ta ce, "Kin san inda take?" Na ce na sani. Ta jira. Na miƙa mata ruwa.

Ban san ko za su cika alkawari wannan karon ba, ba zan kuma ce miki za su cika ba. Idan kin ce e, zan zauna kusa da ke, kuma ba takardar da za ta fita daga ɗakin sai kin karanta ta da idonki kin ce ta fita. Idan kin ce a'a, zan kai mata a'a ɗinki yadda kika ba ni, ba zan ƙara ko kalma ba. Idan kuma kika yi shiru, zan ce mata ba ki ce komai ba, kuma ba zan fassara mata shirun ba.

Allah ya tsare ki a inda kike, ya sa mutanen da ke kewaye da ke su zama masu kama bakinsu. Allah ya ba ki barci mai daɗi da abinci mai shiga. Ya rufa miki asiri rufin da ba hannun ɗan Adam a ciki. Ya bayyana waɗanda suka ɓuya a bayan baƙin tawada, ya tsayar da su a inda za a kira sunansu su amsa. Ya ji ƙan Inna, ya ƙara wa Baba lafiya da tsawon kwana har ranar da za ki ga dama ki yi sallama a ƙofar gida da kanki. Amin.

Ki huta lafiya.

Taki har kullum,
Yayarki, mai jiran abin da za ki ce.